Ga karatu, ga aiki, ga gida: ta ina zan fara koyon ɗaukar hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Unguwar Rogo, Jos, da yara biyu. Da safe ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta, kuma ina karatun digiri na wucin gadi, lakcocinmu Juma'a da yamma da Asabar. Na daɗe ina sha'awar ɗaukar hoto, har ina so ya zama sana'ata nan gaba. Wata mai zuwa zan kwashi adashi. Shin kyamara zan saya ko kuɗin koyo zan biya? Kuma anya mai irin hidimata za ta iya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Za ki iya, in sha Allahu, amma ba ta hanyar da kike hange ba. Kina neman wani lokaci na daban da za ki ware wa hoto, alhali ranarki ta riga ta cika maƙil. Abin da zai yiwu shi ne ki shigar da hoton cikin hidimar da kike yi yanzu.

Kuɗin adashin nan ki ɗan riƙe shi tukuna, ko da wata uku ne. Wayar da ke hannunki ta ishe ki darasin farko, wanda kuma shi ne mafi tsawo a sana'ar nan: sanin haske. Gobe da safe, kafin ki yi wa yara shirin makaranta, ki tsayar da ƙaramar a gefen taga, ki kashe ƙwan ɗakin, ki juya fuskarta yadda hasken zai sauka a kunci ɗaya. Ki ɗauka. Sai ki mayar da tagar bayanta ki sake ɗauka. A na farko za ki ga ɗan ƙyalli a ƙwayar idonta, fuskar ta fito da kamanninta. A na biyu fuskar ta yi duhu, tagar ta yi fari fat. Minti biyar ke nan, amma kin ga abin da wasu ke shekara da kyamara a wuya ba su lura da shi ba.

Daga nan ki riƙa bin hasken garin. A Jos rana kan fito wajen ƙarfe shida da rabi, ta faɗi tsakanin shida da bakwai na yamma, gwargwadon lokacin shekara. Sa'ar farko bayan fitowarta da sa'ar ƙarshe kafin magariba su ne masu laushi, kuma kin ga na farkon ya zo daidai da fitarki aiki. Tsakar rana kuwa haske daga bisa yake dukan mutum, ya bar duhu a kwarmin ido da ƙarƙashin hula ko ɗankwali, sai dai ki ja mutum inuwa. Hadarin damina da hazon hunturu, waɗanda mutane ke ganin sun ɓata rana, su ne ke tace haske ya kwanta a fuska ba tare da inuwa mai kaifi ba.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu a nan, kuma darussan intanet ba su cika taɓo ta ba. Kyamara, ta waya ce ko babba, tana auna hasken wuri ne ta nemi tsaka-tsaki. Idan baƙin mutum ya sa farar shadda, farin kayan yakan rinjayi ma'aunin, kyamara ta rage haske, fuskar ta nutse. Maganinsa a waya shi ne ki taɓa fuskar a kan allo, sannan ki ja alamar hasken sama kaɗan, kina lura kada aikin wuyan rigar ya ɓace. Ki gwada da maigida ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci. Wanda ya iya wannan ya iya rabin hoton biki a ƙasar Hausa.

Idan wayarki tana da sashen da ake saita komai da hannu, ki shiga ki yi wasa da abu biyu. Ɗaya saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga: yaro mai guje-guje yana bukatar 1/250 ko 1/500 na daƙiƙa kafin ya fito tsaf, wanda ke zaune kuwa 1/125 ta ishe shi. Ɗayan kuma ISO, wato ƙarfin yadda kyamara ke jin haske: 100 a waje da rana, 800 ko 1600 a cikin ɗaki, kuma gwargwadon yadda kika ɗaga shi, gwargwadon yashi-yashin da zai bayyana a hoton. Na ukunsu, faɗin ƙofar haske, sai kin riƙi kyamara za ki ji daɗinsa, domin a yawancin wayoyi a kafe yake.

To, me za ki riƙa ɗauka? Abu ɗaya, na kusa da ke, ki daɗe a kansa. J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗaya daga cikin manyan masu hoto da Najeriya ta yi, ya fara ne da 'yar ƙaramar kyamarar Brownie a 1950, ya yi aikin wankin hoto a Ibadan, sannan daga 1968 ya duƙufa ɗaukar kitson matan Najeriya. Ya tara hotunan kitso kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014, kuma da su duniya ta san shi. Kitso fa, abin da ake yi a kowane tsakar gida. Ke ma kina da naki: hannun mai ƙunshi, tukunyar masa da asuba, kwandunan tumatir da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada ranar da kika je cefane. Ki zaɓi ɗaya, ki ɗauki hoto goma a mako, daren Lahadi bayan yara sun kwanta ki zauna ki fitar da biyu mafiya kyau, ki tambayi kanki abin da ya sa suka fi sauran. Zaman zaɓen nan shi ne ajinki. Manhajar Snapseed ta waya kyauta ce, ta ishe ki gyaran hoto, kuma ina roƙonki kada ki saba da goge fatar mutane har ta koma ba tasu ba.

Amma ki nemi izini kafin ki ɗaga waya a kan kowa, musamman mata da 'ya'yan mutane. Ɗalibanki na makaranta amana ne, kada hotonsu ya hau Facebook ba da sanin iyayensu da hukumar makaranta ba. Shingen jami'an tsaro kuwa, ko kusa kada ki nufe shi da kyamara.

Batun biyan kuɗin koyo, ban ba ki shawarar shiga wata makaranta yanzu ba. Jos gari ne mai albarka ta wannan fanni, ga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, kuma suna nan har ki gama digirinki. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Abin da ya fi dacewa da ke shi ne ki sami mace mai sana'ar, ki roƙe ta ki riƙa bin ta aiki lokacin hutun zango, ki riƙe mata fitila, ki ga yadda take jera dangin amarya cikin minti biyu kafin su watse. Ina jaddada mace ne saboda nan kasuwarki take. Gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga wurin kamu, ko sa lalle, ko cikin ɗakin mai jego ranar suna, kuma mata masu hoto ba su wadata ba. Wannan ƙofa a buɗe take gare ki.

Sai dai ga inda zan ja kunnenki. Yawancin bukukuwa Juma'a da Asabar ake yin su, ranakun lakcarki ke nan. Da zarar an ga hannunki ya fara kyau za a fara kiranki, kuma kuɗin yini ɗaya zai yi miki daɗi. Na ga ɗalibai da dama sun tara kwasa-kwasan da suka faɗi ta wannan hanya. Ki yanke tun yanzu cewa ba ki barin aji don biki, kuma mako uku kafin jarrabawa ki ajiye hoto gaba ɗaya, ba abin da zai gudu. Suna ya fi dacewa da ke, tunda kwana bakwai na iya faɗawa kowace rana, kuma taron mata da yamma ake yi, kin riga kin taso daga aiki.

Ki kuma zauna da maigida tun kafin a kai ga sayen komai. Ki gaya masa sa'o'in da abin zai ci, da wanda zai riƙe yara idan kin fita, ku daidaita a kan lokacin dawowa. Yardar da aka nema tun farko ta fi wadda ake nema bayan an karɓi kuɗin mutane.

Idan wata ukun sun cika, kin ga ba ki fasa zaman daren Lahadi ba, to ki sayi kyamara ta hannu, ba da bashi ba. Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3200 ta 2012 sun tsufa, amma har gobe suna fitar da hoton da za a wanke a rataye a falo. Ki haɗa da gilashin gaban kyamara (lens) na 50mm f/1.8, mai araha ne, yana shan haske sosai a cikin ɗaki, yana kuma sa abin da ke bayan mutum ya yi dishi-dishi. Ki tafi da wanda ya san kaya. Ya duba adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, domin shatar irin waɗannan an ƙera ta ne ta yi kimanin 100,000. Ya haska gilashin da tocila ko akwai farin zare-zaren fumfuna a ciki, ya gwada batir da caja. Ki rage kuɗin batir na biyu da memori biyu, sannan ki sami roba mai murfi da 'yan ƙullin shanye danshi irin na kwalin sabon takalmi, ki riƙa ajiye ta a ciki saboda ruwan Yuli da Agusta. Da hunturu kuma kada ki cire gilashin a waje, ƙura za ta shige ta zauna a cikin kyamarar, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Allah Ya ba da sa'ar karatu, Ya raya zuri'a.