Namiji Ma Yana Riƙe Tsintsiya: Amsar Gwaggo

'Yata,

Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. Kin ce kin fara sa yaron nan mai shekara 8 da ƙanwarsa suna share ɗakinsu suna gyara shimfiɗa, sai wasu cikin dangin babansu suka ce ba al'adarmu ba ce namiji ya riƙe tsintsiya, balle ga 'yar aiki a gida. Kina so ki ji ko haka ne.

Ba haka ba ne. A gidan da muka tashi ni da babanki, raba aiki ake yi, amma ba a taɓa ɗauke wa namiji shara ba. Tsakar gida da madafi namu ne mu mata. Zaure da ƙofar gida da turken awaki na maza ne. A makarantar allo, wa ke share wurin karatu ya jingine alluna a bango? Masallacin unguwa fa? Kuma da zarar yaro ya bar ɗakin uwarsa ya koma ɗakin samari, babu macen da za ta bi shi can da tsintsiya. Babanki da hannunsa yake naɗe tabarmarsa kullum kafin ya fita. Idan ma ta addini ake so a bi, an tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Yana nan cikin Bukhari.

Bari in gaya miki yadda Inna ta koya mini. Ɗakinta daɓen ƙasa ne. Sai na fara yayyafa ruwa da hannu, ba da yawa ba don kada ya caɓe, ba kaɗan ba don kada ƙura ta tashi ta sauka kan jeren kwanoninta. Daga ƙuryar ɗaki ake farowa a nufo ƙofa. A ɗaga tabarma, a leƙa bayan randa, a kakkaɓe takalma, domin da bazara nan kunama take laɓewa. In na gama ta shigo, ba ta kallon tsakar ɗaki ko kaɗan. Bayan ƙofa take dubawa, da ƙarƙashin gado. Wata rana ina saurin tafiya wasa na tura sharar ƙarƙashin tabarma. Ba ta dake ni ba, ba ta ce uffan ba. Ta ɗaga bakin tabarmar da yatsan ƙafarta, ta miƙo mini tsintsiya, ta tsaya. Har yau in na kama wani aiki na ji raina yana so in yi na ganin ido, wannan tsayuwar tata nake tunawa.

Abin da yaro ke samu ke nan, ido. Wanda ake share masa ɗaki ba ya ganin datti, tsallakewa yake yi ya wuce. Wanda ya saba sunkuyawa shi ke lura da cewa ɓawon gyaɗar da ya zubar jiya bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiransa. Ya san inda hularsa take, ya san littattafansa nawa ne, in ɗaya ya ɓata ya gane tun da wuri. Ko hana mu shara da dare da ake yi, ana cewa tana kore arziki, da na girma na fahimci hikimar: a hasken aci-balbal za ki haɗa da allura ko ɗan kunne ko kwabo ki kai juji ba ki sani ba.

Sai maganar 'yar aikin nan, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Yarinyar 'yar wasu ce, iyayenta suna sonta kamar yadda kike son naki. Yaron da ya saba ya tuɓe riga ya yar, ya san wata za ta duƙa ta ɗauka, da wannan halin zai girma, kuma matarsa ce za ta gaje shi. Ki bar mata falo da kicin, amma ɗakin yara na yara ne.

Ki tuna kuma an umarce mu mu sa su salla suna da shekara 7, mu raba musu makwanci suna da 10. Saura masa shekara 2 ke nan ya samu nasa wurin shi kaɗai. Gara ya shiga da hannun da ya saba.

Abu biyu zan roƙe ki. Kada ki mayar da shara horo, wato sai ya yi laifi a ce je ka share ɗaki, zai tsane ta. Kada kuma ki bi bayansu ki sake sharewa suna kallo, ko da sun bar rabi. Ki nuna musu lungun da suka tsallake, ki bar su su koma. Da hunturu ƙura za ta dawo kafin azahar, ki gaya musu ba laifinsu ba ne.

Dangin mijinki kuwa, kada ki ja da su, manya ne. Ki yi magana da maigidanki cikin natsuwa. Ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ya ɗauki tsintsiya ya fita ƙofar gida da ɗansa, babu wanda zai ƙara cewa komai.

Zan aiko miki da tsintsiyar laushi guda biyu, na sa an rage musu tsawo daidai hannunsu. Kowa ya san tasa, ya kuma san inda zai jingine ta in ya gama. Ki gaishe da maigidan naki, ki shafa mini kan yaran.

Gwaggonki