Bambancin "borrow", "lend" da "loan" a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na rubuta "borrow me your pen" a wani aikin makaranta, sai malaminmu ya ja masa layi ya ce kuskure ne, alhali kullum ina jin mutane suna faɗin haka. Mene ne bambancin "borrow" da "lend", kuma ina matsayin "loan" a tsakaninsu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminku yana da gaskiya, kuma tushen ruɗanin shi ne Hausa da Turanci ba a wuri ɗaya suka raba wannan magana ba. Hausa tana duba abin da aka bayar ne. Idan shi kansa za a mayar wa mai shi, kamar littafi ko mota, sunansa aro. Idan kuwa za a kashe shi a biya da kwatankwacinsa, kamar kuɗi, sunansa rance. Amma mai bayarwa da mai karɓa duk da tushen kalma ɗaya suke magana, shi ya sa muke cewa "na ari littafi" kuma muke cewa "na ara masa littafi". Turanci bai damu da ko littafi ne ko kuɗi ba, abin da yake lura da shi kawai shi ne hannun da abin ya fito da hannun da ya shiga.

Saboda haka "borrow" aikin mai karɓa ne, kuma "from" ce take biye da ita: "I borrowed a book from my friend", wato na ari littafi a wurin abokina. Ita kuwa "lend" aikin mai bayarwa ce, kuma idan an riga an yi aikin sai ta koma "lent": "My friend lent me a book", wato abokina ya ara mini littafi. Da ka ce "borrow me", ka ɗauko ginin "ara mini" ne ka ɗora wa kalmar mai karɓa, alhali wanda kake roƙo bayarwa zai yi. Abin da ya dace ka rubuta shi ne "please lend me your pen", ko kuma "may I borrow your pen?" Ina ganin babu abin kunya a wannan kuskure, domin ko a Jamusanci kalmar "leihen" tana ɗaukar ma'anonin biyu, tsarin jimla ne yake bambanta su.

Ita "loan" ta shigo Turanci ne daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, kuma aikinta na farko suna ne, wato abin da aka bayar aro ko rance, musamman bashin banki: "She took out a loan". A Amurka ana amfani da ita sosai a matsayin aikatau, a ce "he loaned me his car", amma a Birtaniya "lend" ta fi karɓuwa a irin wannan jimla. Ko a Amurkan ma ba ta shiga maganar azanci, shi ya sa "lend a hand" ake cewa idan ana nufin taimaka wa mutum.

Inda na fi so ka kiyaye shi ne takardar yarjejeniyar bashi, domin a can "borrower" shi ne wanda ake bi, "lender" kuma shi ne mai bin bashin, kuma kowannensu da gurbin da zai sa hannu.