Sito a bakin fadama: nawa ambaliya ke ci a jarinka duk shekara?

Tambaya: Ina sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a ƙaramar hukumar Suru ta jihar Kebbi, kuma ina ba manoman fadama bashin taki da iri, su biya ni da shinkafa in kaka ta yi. Jarina naira miliyan 10 ne. Ta yaya zan ƙiyasta abin da ambaliya za ta iya ci mini, kuma wane tanadi zan yi?

Amsa: Alhaji, a yankinku ambaliya ba baƙuwa ba ce. Ruwan gulbin Rima da na Sakkwato, har da wanda ake saki daga madatsun Goronyo da Bakolori, ta Argungu da Birnin Kebbi da Bunza yake biyowa ya ratsa ku kafin ya faɗa kogin Kwara. An gani a 2012, an gani a 2020 da ruwa ya shanye gonakin shinkafar Kebbi, an sake gani a 2022. Don haka ka sa ta a lissafi kamar kuɗin dako da na mota.

Ka zauna da dattawan manoman fadamar da kake hulɗa da ita, su ƙirga maka sau nawa ruwa ya cinye ta cikin shekara 20. A ce sau huɗu ne, wato sau ɗaya ke nan duk shekara biyar. A ce kuma miliyan 6 na hannun manoma, miliyan 4 shansherar rani ce da ka ajiye a sito kana jiran farashi ya tashi. In ruwa ya zo, rabin bashin ya maƙale, kwatan kayan sito ya jiƙe, ka yi asarar miliyan 4. Raba ta biyar, ka samu dubu 800. Wannan shi ne kason ambaliya a kowace shekara, ko ta zo ko ba ta zo ba. In kana ganin ribarka miliyan 2 ce, a gaskiya miliyan 1 da dubu 200 ce. Dubu 800 ɗin nan ka ware su a asusu daban, kada su koma sayen kaya.

Sai dai ruwa ba ya karɓar nasa kaɗan-kaɗan, lokaci guda yake kwasa, kuma yakan zo shekara biyu a jere. Nan ne bashin manoma ya fi ba ni tsoro. Mutum 40 da ke noma a fadama ɗaya, rana ɗaya za su kasa biyanka, ba don rashin amana ba. Ka rarraba: wasu a fadama, wasu masu gero da dawa a tudu, kaso mafi tsoka kuma ga noman rani, wanda ake girbewa kafin gulbi ya cika.

Sito kuwa ya fi sauƙin gyara. Nemo alamar inda ruwan 2020 ya tsaya a bango, ka ɗaga dandamalin ajiya ya wuce ta da rabin mita. Buhu ya hau katako, kada ya taɓa siminti ko ya jingina da bango. Shansherar da danshinta ya wuce kashi 14 cikin ɗari ba ta ajiyuwa, wadda ta jiƙe kuma cikin 'yan kwanaki take ɗaukar zafi ta fara tsiro, masu injin casa su karya mata farashi. In ba za ka iya ɗagawa ba, ka kwashe kayan zuwa tudu kafin Agusta, tun hanya ba ta yanke ba, kuɗin mota bai ninka ba. Hukumomin NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya kafin ruwa ya sauka, ka duba ko Suru na ciki.

Batun inshora, NAIC, kamfanin inshorar noma na gwamnatin tarayya, na yin ta amfanin gona, akwai kuma kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai gudun kuɗin ruwa. Inshorar gobara ita kaɗai ba ta biyan ɓarnar ruwa, sai an rubuta ambaliya ƙarara a takardar. Ka faɗi ainihin darajar kayanka, domin in ka rage ta da rabi, rabin asarar za a biya ka. Rasit da littafin shigar buhu da fitarsa kuma a ajiye su a gida, ba cikin siton ba.