Kafin Ka Sayi Komai, Zana Ƙ da Ɗ Tukuna: Amsoshi Ga Masu Sha'awar Ƙera Haruffa Da Tubala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani shagon buga takardu a Zariya. Na ga yadda wasu ke ƙera zubin haruffa (font) nasu na kansu a kwamfuta ta hanyar jera ƙananan tubala a gida-gida, abin ya shiga raina. An ce mini manhajar Glyphs ce ta ƙwararru. Na ɗan tara kuɗi, shin in saye ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bar kuɗinka a aljihu tukuna. Glyphs manhaja ce mai kyau, amma a kwamfutar Mac kaɗai take aiki, kuma cikakkiyarta ta kai wajen yuro 300. In kwamfutar shagonku Windows ce, kamar yawancin na shagunanmu, ka ga sai ka haɗa da sayen wata kwamfutar, alhali ko harafi ɗaya ba ka zana ba.

Abin da ka gani ana yi da tubala, mafi yawansa a FontStruct ake yin sa. Wani mai suna Rob Meek ne ya ƙirƙiro ta, aka buɗe ta a 2008 da tallafin kamfanin FontShop, kuma har yau kyauta ce. A cikin burauza take aiki, ba sai ka sauke komai ba. Za ta ba ka fili mai gida-gida da tarin tubala iri-iri: mai kusurwa huɗu, mai kusurwa uku, rubu'in da'ira da sauransu. Kai kuma ka riƙa ɗora su gida bayan gida har harafi ya fito. In ka gama sai ka sauke fayil ɗin TTF, wato fayil ɗin da ke ɗauke da zubin haruffan, ka saka a kwamfuta, ya bayyana a CorelDRAW ko Word tare da sauran haruffa. Akwai ƙarin abubuwa da ake buɗe wa masu biyan kuɗin tallafi, amma mai koyo ba ya buƙatarsu.

In dole sai ka sayi wani abu, to ka je wajen mai sayar da kayan makaranta ka sayi littafin lissafi mai gida-gida da fensir da abin gogewa. Da gaske nake. Susan Kare, wadda ta zana haruffan Chicago da ƙananan hotunan kwamfutar Macintosh ta 1984, a irin wannan littafin ta fara zana hotunan nata, kowane gida yana matsayin ɗigo ɗaya na allon kwamfuta. Takarda ba ta cin data, ba ruwanta da ɗaukewar wuta, kuma hannu ya fi saurin gwada harafi iri biyar a kanta. Sai ka gamsu da siffar sannan ka hau intanet ka jera. Abu na biyu shi ne linzamin kwamfuta, ko mai arha ne, domin jera ɗaruruwan tubala da ɗan yatsa a kan faifan laftof yana gajiyar da hannu.

Ranar da ka kammala zubi guda cikakke, da manyan haruffa da ƙanana da lambobi da alamomin rubutu, har ka ji tubala sun yi maka kaɗan, sai ka sauke FontForge. Ita ma kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ba ta buƙatar intanet. Fuskarta ba ta da daɗin kallo, amma za ta buɗe fayil ɗinka ta ba ka damar gyara tazarar haruffa yadda kake so. Maganar sayen manhaja sai bayan wannan.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Maraɗi. Na fara zana haruffa a gidaje biyar a kwance, bakwai a tsaye, domin in yi wa ɗalibaina katunan karatu. Komai ya tafi daidai har na zo kan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sai suka ƙi shiga. In ƙara gidajen ne, ko in matse su a haka?

Amsa: Barka kadai Malama. Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci a wurina, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Biyar da bakwai da kika zaɓa ma'auni ne mai tarihi. Shi ne kusan abin da ake gani a ƙananan allunan na'urori da allunan sanarwa masu ɗige-ɗigen wuta. Amma waɗanda suka tsara shi haruffan Turanci suke dubawa, ba su bar wa lanƙwasa wuri ba. Ki duba abin da ke faruwa: jikin ƙaramin harafi ya cinye gidaje biyar, saura biyu a sama. In kika lanƙwasa kan b a cikin gidaje biyun nan, abin da zai fito ba shi da maraba da lamba 6. Ƙugiyar ƙ kuma za ta sauko ta haɗe da hannun k na sama, harafin ya cushe. Ita ɗ matsalarta daban ce, domin sandarta tana can gefen dama, lanƙwasar kuma dama za ta ƙara yi, ga shi gidajen sun ƙare. Yaron da ke koyon bambanta "bari" da "ɓari" ko "kafa" da "ƙafa" bai kamata a ba shi harafin da sai an yi masa bayani ba. Saboda haka kada ki matse, ki ƙara.

Shawarata ita ce ki ba jikin ƙananan haruffa gidaje shida a tsaye, ki bar uku a sama domin sandunan b da d da k da ƙugiyoyinsu, sannan uku a ƙasa domin jelar g da j da y. Sha biyu ke nan. Faɗi kuwa kada ki ɗaure kanki da cewa dole kowane harafi ya zama daidai da ɗan'uwansa. Ki bar ɗ ta fi d faɗi da gida ɗaya ko biyu. Haka manyan Ɓ da Ɗ, waɗanda lanƙwasarsu ke fitowa ta hagu, su ma za su nemi ƙari.

Kuma ki sauya tsarin aikin. Yawancin masu koyo suna farawa daga A su tafi har Z, sai a ƙarshe su tuna da namu haruffan, lokacin da dokokin zubin sun riga sun kafu. Ki fara da n da o, su za su nuna miki kaurin sanda da yadda za ki zagaya kusurwa. Na uku ya zama ƙ, na huɗu ɗ. In waɗannan suka zauna, sauran za su bi cikin sauƙi. Ƙugiyar da kika yi wa ɗaya ita za ki maimaita wa duka, tsayi ɗaya, lanƙwasa iri ɗaya, kamar yadda mai ɗinkin hula yake ƙirga zare ya maimaita fure guda har ya zagaye hular ba tare da wani ya fi wani ba.

Gwajin ma da kalmominmu za ki yi shi. Rubuta "kuɗi" da "daɗi" da "faɗi", ki ga ko ƙugiyar ɗ tana karo da ɗigon i, domin nan ne aka fi samun matsala. Rubuta "haɗaɗɗe" da "miƙaƙƙe" da "ruɓaɓɓe", ki ga yadda biyu suke zama kusa da juna. Rubuta ɓ kusa da 6. Sai ki buga a takarda, ki liƙa a allo, ki koma kujerar ƙarshe ta ajin ki duba. Abin da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ba lallai ya karantu daga nesa ba.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata ki sani. Kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, kuma dole ki zana shi a gurbinsa. Wasu suna zana ƙ a gurbin q ko ɗ a gurbin x saboda sauƙi, sai a tura rubutun wata na'ura ya koma shirme. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, tare da ƙananan ƙ da ƴ, suna rukunin da ake kira Latin Extended-B. Amma ƙananan ɓ da ɗ ba sa nan, suna rukunin IPA Extensions, a lamba 0253 da 0257. Mutane da yawa suna neman su a rukunin farko, su rasa, su ɗauka babu. Tunda a Nijar kike, ƴ dole ce. Ki kuma kyautata alamar ɗauri ta sama, domin masu rubutu a Nijeriya da ita suke rubuta 'ya'ya, sannan ki ƙara é da è da ç saboda Faransanci, tunda katunanki za su iya haɗa harsunan biyu.

Kafin zubin naki ya kammala, ki yi wa yaran katunan da Andika. Ƙungiyar SIL ce ta tsara shi musamman domin masu koyon karatu, kyauta ne, kuma haruffanmu duka suna ciki. Ki buɗe shi ki ƙara girman ɗ da ƙ, ki ga inda suka fara lanƙwasa da inda suka tsaya.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, waya kawai gare ni. Zan iya?

Amsa: Za ka iya farawa, amma kammalawa za ta yi wuya, domin allon waya ya yi ƙanƙanta ga wannan aiki. Ka gama zanenka kaf a takarda, sannan ka nemi aron kwamfuta ko ka biya kuɗin awanni a shago ka jera. In ka sauke fayil ɗin, manhajar PixelLab tana karɓar TTF a waya, ka yi fosta da shi. In kuma ka yanke shawarar saye, laftof tokunbo mai lafiyayyen batiri ta wadatar. Wannan aiki ba ya neman kwamfuta mai ƙarfi, don haka batirin za ka fi dubawa.

Tambaya: Malam, na ɗauko zubin wani a FontStruct na gyaggyara shi, na ƙara masa haruffan Hausa. Yanzu wani mai gidan burodi yana so in yi masa tambari da shi, wasu kuma suna cewa in sayar musu da fayil ɗin. Ya halatta?

Amsa: Ɗan'uwa, amsar tana shafin da ka ɗauko shi. Kowane zubi a can yana ɗauke da lasisin da mai shi ya zaɓa. Wani ya yarda a gyara a kuma yi kasuwanci da shi muddin an ambaci sunansa, wani ya ce a gyara amma ban da neman kuɗi, wani kuma ya sharɗanta cewa duk abin da aka samar daga nasa a sake shi da irin lasisin. In naka na "ban da kasuwanci" ne, to tambarin mai burodi ma kasuwanci ne. Ka rubuta wa mai shi ka nemi izini, ko ka zauna ka zana naka daga farko. Gyaran da ka yi bai mayar da aikin mutum naka ba, haƙƙinsa yana nan.

Game da sayarwa kuwa, gaskiya ba na ƙarfafa maka guiwa ka dogara da ita. Zubin tubala na kyauta sun yi yawa a intanet, kuma fayil in ya shiga waya ɗaya, gobe yana wayoyi goma. Inda kuɗin yake shi ne aikin da kake yi da haruffan: tambari, allon shago, leda, riga. Mai burodi zai biya ka ne saboda sunan gidansa ya fita daban da na maƙwabcinsa, kuma ƙ ɗin da ke ciki ta yi daidai da sauran haruffa maimakon a aro ta daga wani zubi. Kada ka manta da alamar ₦, tunda farashi za a rubuta. In za ka kai aiki wajen masu bugawa, ka mayar da rubutun zane tukuna, a CorelDRAW Ctrl da Q ne, domin kwamfutarsu ba ta da zubinka kuma za ta musanya shi da wani.

Tambaya: Ni almajiri ne, na iya rubutun allo. Ana iya yin ajami da waɗannan tubala?

Amsa: Allah ya ƙara ilimi Malam. Ai Musulmi sun riga Turawa a wannan fage da ɗaruruwan shekaru. Mai zane ɗan ƙasar Holan, Theo van Doesburg, ya yi haruffansa na gidaje biyar-biyar ne a 1919, Josef Albers kuma ya haɗa nasa daga murabba'i da da'ira da rubu'inta a makarantar Bauhaus ta Jamus bayan haka. Amma tun kafin su, magina a Iran da Samarƙand suna jera tubalin gaske a bangon masallatai da makarantu su fitar da rubutun da ake kira Kufi murabba'i. Kabbarar da aka maimaita sau 22 a tutar Iran ma da irin wannan salon aka rubuta ta. Dokarsa mai sauƙin faɗi ce: kaurin layi gida ɗaya, tazarar da ke tsakanin layuka ita ma gida ɗaya. Littafin lissafi ya ishe ka ka fara yau.

Sai dai ka raba abu biyu. Tsara kalma ɗaya ko jimla a matsayin ado, wannan tubala sun dace da shi ƙwarai. Ƙera zubin da za a riƙa buga ajami da shi kuwa aiki ne babba, domin yawancin haruffa suna da siffa huɗu, ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe da ta kaɗaici, kuma sai an rubuta wa fayil ɗin dokokin da za su sa ya zaɓi wadda ta dace ya haɗa. Ga wasulla, waɗanda ajamin Hausa ba ya karantuwa sosai in babu su, alhali Kufi murabba'i sau da yawa ko ɗigo ba ya sakawa. Wannan matakin sai da FontForge ko makamanciyarta. Don buga rubutu na yau da kullum, ka sauke Alkalami na SIL, wanda aka tsara bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano, kyauta ne. Kai kuma ka fara da sunanka ko sunan makarantarku a murabba'i ɗaya. In ayar Alƙur'ani ko sunan Allah za ka tsara, ka tambayi mai aikin inda za a buga shi kafin ka miƙa, kada ya ƙare a kan leda ko takardar da za a yar.