Mai gidan kallo, ka bar jaki kana dukan taiki

Saƙon wannan satin daga wani bawan Allah ne a Kurna cikin Kano, mai gidan kallon ƙwallo. Na ɗan rage shi don ya yi tsawo, ga abin da yace:

"Salamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ina da gidan kallo shekara uku kenan, in ya cika yana cin mutum 80, tibi biyu dikoda biyu, duka katin Compact Plus na DStv nake sa musu dubu 60 duk wata. Kuɗin shiga naira 200 ne. Ni ina shagona a Sabon Gari har magariba, in na dawo na gaji, shi yasa ɗan yayata ne yake tsaron ƙofa, abin da yake haɗo min a wata bai wuce dubu 150 ba, in na cire kuɗin kati da na mai sai inga ba komai. Wani yaro a kasuwar waya ta Farm Centre ya nuna min akwatin intanet dubu 45 shekara guda, wai duk tashoshin duniya suna ciki. So nake in sauke dish in koma can, abin da na rage in tara in buɗe wani gidan a Rijiyar Lemo da wani a Bachirawa. Wanne ya fi, dish ko intanet?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Sau uku na karanta saƙon nan naka ina neman abu ɗaya ban samu ba. Mutum nawa ne suka shiga gidanka ranar Asabar ɗin da ta wuce? Baka faɗa ba, kuma na san dalili, kai ma baka sani ba. Kuɗin kati ka san shi har kwabo saboda daga aljihunka yake fita kana ji a jikinka, amma kuɗin da ya kamata ya shigo aljihun sai abin da yaro ya miƙo maka da daddare a dunƙule kace Allah ya yi albarka ka cusa a aljihu ko ƙirgawa ba lallai ka yi ba.

Zo mu yi lissafi da alƙalumanka, ban ƙara komai ba. Asabar da Lahadi in ana Firimiya da Laliga ba za ka rasa zama uku-uku ba, shida kenan, ga daren Talata da Laraba na Zakarun Turai, takwas. Kada ma mu ce gidan ya cika, mu ce rabi, mutum 40 a naira 200 dubu 8 kenan a zama ɗaya. Sau takwas dubu 64 a sati, a wata dubu 256. Rabin gida fa nace, ban sa ranar da Man U za ta kara da Liverpool ko Madrid da Barca ba, ranar da har a bakin ƙofa ake tsayawa ana leƙe ta kan kafaɗar juna. Kai kuma dubu 150 ake kawo maka. Ina dubu ɗarin? Ko da akwai satin da aka tafi hutun wasannin ƙasashe gidan ya yi sanyi, cire shi, har yanzu abin da ya ɓata a hanya ya kai dubu 42, ya ɗara kuɗin katinka ɗaya. Wannan ne ciwonka, kai kuma ka tafi Farm Centre neman maganin wani ciwon daban.

Ban ce yaron ɓarawo bane, kar ka je gida ka tada hankalin yayarka kace Alhaji yace. Tambaya ɗaya zan maka, nawa kake biyansa? Na rantse ba ka yanka masa komai ba, cewa ka yi ai ɗan gida ne, gidan ma nasu ne. Toh saurayi ya tsaya a ƙofa tun ƙarfe ɗaya na rana har sha ɗayan dare yana shan hayaƙin inji da zagin 'yan Arsenal, kuɗi na wucewa ta hannunsa, ba albashi ba mai ƙirgawa, me kake so ya yi? Zai biya kansa ne, kuma a zuciyarsa bai ɗauke shi sata ba. Sannan ga abokansa na majalisa, su goma sha, duk wanda ya zo sai dai a tafa a wuce. Ga ɗan mai unguwa, ga ƙanin budurwa, ga masu "zan kawo gobe". Ga kuma wadda tafi duka, tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa ko ta naira 200 ce, in wani yace ba shi da tsaba asusun wa yake turawa? Je ka tambaya yau. In ba lambar asusunka ce a manne a bangon ƙofar nan ba to ka samu amsar rabin tambayarka.

Ni abin ya taɓa cina shi yasa nake magana da zafi. Lokacin ina da rumfa a Kantin Kwari na ɗora wani ɗan'uwana a kai na shiga harkar tafiye-tafiye, yaro mai kunya mai sallah, ko ido baya iya haɗawa da ni. Shekara biyu ban taɓa cewa kawo littafi ba don ina jin nauyin mahaifinsa. Ranar da na zauna muka ƙirga atamfa da shadda dila-dila, wallahi sai da na nemi kujera. Kuma da aka bi diddigi mafi yawa ba ci ya yi ba, bashi ya rarraba wa mutane ba rubutu, shi kansa ya manta wa da wa. Kuɗi suka tafi, zumuncin da nake lallaɓawa shi ma ya tafi, har yau gaisuwa ce sama-sama in an haɗu a wajen jana'iza. Da tun farko na ajiye littafi da duk biyun suna nan.

Yanzu bari in taɓa tambayar taka don kar kace na kauce. Na yarda kati ya yi tsada, Compact Plus ɗin nan a tsakiyar 2023 naira 16,600 ne, ya koma 19,800 kafin shekarar ta ƙare, Mayun 2024 ya zama dubu 25, Maris ɗin 2025 dubu 30. Kusan ninki biyu cikin shekara biyu, har hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta shiga maganar aka je kotu. Kowa yaji a jikinsa. Amma dish kuɗinsa a fili yake, ka biya ka san ka gama da shi har wata ya zagayo, ko mutum 10 ne suka kalla ko 100, ko awa 2 ka kunna ko 20.

Intanet ba haka yake ba, shi ma'auni ne da shi kamar mudu. Hoto mai kyau wanda na bencin baya zai iya gane lambar rigar ɗan wasa yana iya shan data har gig 3 a awa ɗaya, wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan awa biyu, kace gig 5 zuwa 6. Zama 32 a wata, tibi biyu, ka haura gig 300. Yaron Farm Centre ya faɗa maka wannan? Bai faɗa ba, dubu 45 ɗin kuɗin akwati ne kawai, data taka ce, kuma tun farkon 2025 da hukumar sadarwa NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari data ta daina araha. Je ka tambayi kuɗin gig 300 ka dawo mu yi magana. In kace Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, za ka sa don sabis ya zauna, kayan kafawa kaɗai sun cinye maka ribar da kake hange, ga kuɗin wata a kai.

Wannan ma duk mai sauƙi ne. Abin da yake kashe gidan kallo a intanet jinkiri ne. Hoton intanet yana bin bayan na dish, wani lokaci rabin minti wani lokaci ya fi minti ɗaya, irin akwatin da ake tallata maka ma ya fi haka. Akwai wani da na sani can wajen Ɗorayi da ya yi irin abin da kake shirin yi, sati biyu yana murna yana min waya yana cewa Alhaji na huta. Daren wani babban wasa na Zakarun Turai gidansa ya cika maƙil, ana kallo ƙwallo tana tsakiyar fili sai aka ji ihu ya ɓarke a gidan kallon da ke bayan layi, an ci. Mutane suka zaro waya suka duba, an ci ɗin ne kuwa, su kuma a tibinsu ko kusa da raga ba a je ba. Suna zaune suna jiran ƙwallon da kowa ya riga ya san ta shiga, tana gab da shiga hoton ya tsaya cak, ɗan da'irar nan ya fara juyawa a tsakiyar allo. Haba! Nan fa aka miƙe, a bamu kuɗinmu, a bamu kuɗinmu, aka karya benci biyu aka fasa fanka, ya mayar wa kowa kuɗinsa har da waɗanda basu biya ba. Sati na gaba rabin mutanensa suna bayan layi. Bayan wata uku akwatin ya mutu ɗungurugum, ya kira wanda ya sayar masa waya a kashe. Wa zai kai ƙara, ina? Siginar sata ce, masu ita suna toshewa duk lokacin da suka gano ta, kuma an fi toshewa a manyan ranaku, daidai ranar da kai kake cin kasuwa.

Ka lura da abin da kake sayarwa. Mutumin da ya baro gidansa ya biya 200 ihun nan ya zo saya, ya yi shi tare da jama'a a daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa raga ya juya ya tsokani na kusa da shi. In kallo ne kawai ai yana da waya.

Su kuma na halak ɗin, Netflix ba ta haska Firimiya, kuma ƙa'idarta kallon gida ce ba a tara jama'a a karɓi kuɗi. Tsarin Firimiya da manhajar Showmax ta fito da shi a 2024 don waya aka yi shi, don mutum ɗaya ya riƙe a hannu. Tunda ma mun zo nan, shi kansa DStv yana da tsarin 'yan kasuwa daban da na gida, ka je ofishinsu ka ji matsayin gidanka, haka takardarka ta Hukumar Tace Fina-finai ta jiha ka tabbata tana nan da ranta, don ranar da za a zo dubawa ba a sanarwa.

Dish ma yana da nasa aibin, ban wanke shi ba. Hadari ya haɗu a watan Agusta, daidai lokacin da ake buɗe kakar Firimiya, ruwa ya sauko hoto ya ɗauke. A nan ne intanet yake da amfani a wajenka, mai kati yana iya kallo ta manhajar DStv Stream, ka ajiye 'yar data ta ko-ta-kwana ka haɗa da tibi har ruwa ya tsagaita, maƙwabcinka ma nasa ya ɗauke ba wanda zai riga ka ihu. In kuma rage kuɗi kake so, tibi na biyu ba lallai sai Compact Plus ba, Compact ya koma dubu 19 a wancan ƙarin na Maris ɗin 2025, GOtv Supa+ mai eriya 16,800, ka zauna da jerin tashoshinsu da jadawalin wasannin wata kaga wanne ya ɗauke maka wasannin ƙarshen sati. Daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta in ba shekarar babbar gasa ba ce ka sauko ƙasa gaba ɗaya. Duk wannan dabarar dubu 11 zuwa 13 za ta rage maka a wata. Man inji ma ya fi kati cin kuɗinka, awa 80 a wata ko lita ɗaya kake ƙonawa a awa ka sa ta a 900 dubu 72 kenan, amma ban ji ka ambaci sola ba ko sau ɗaya.

Maganar Rijiyar Lemo da Bachirawa kuwa dan Allah ka ajiye ta. Gida ɗaya a unguwarku, taku kaɗan daga ƙofar gidanka, ka kasa sanin mutum nawa ke shiga, sai uku? Wa zaka ɗora a can, wani ɗan yayar? Samarin yanzu kowa so yake ace yana da rassa, a rataya allo mai fitila, alhali na farkon yana yoyo.

Ga abin da zaka yi daga wannan Asabar ɗin. Ka je wajen masu buga takardu su buga maka tikiti mai lamba a jere, kala uku ko huɗu, kowane zama da kalarsa don kar a shigo da na ɗazu. Kai zaka riƙe bandir ɗin, ka ba yaro ka rubuta lambar farko, in an tashi ka rubuta ta ƙarshe, bambancin sau 200 shi ne kuɗinka. Mai sayar da tikiti daban mai yagawa a ƙofa daban, kuma kar su zama abokai. Lambar asusunka a bango da manyan baƙaƙe. 'Yan alfarma ka rubuta sunansu da hannunka kar su wuce biyar, duk wanda yaron yake so ya shigar bayan su ya biya masa daga aljihunsa. Sannan ka zaunar da shi gaban mahaifiyarsa ka yanka masa haƙƙinsa, ko na sati ko kaso a kan kowane tikiti, ni na fi son kaso don shi ne zai sa ya daina tafawa da abokai. Zai ɓata rai, yayarka ma wataƙila ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwarka a daƙile, ka daure.

Kai kuma gajiyar nan taka ta bayan magariba ka rage ta. Ka dinga faɗowa ba sanarwa ana hutun rabin lokaci, ka tsaya a baya ka ƙirga kawuna benci-benci ka gwada da tikitin da aka yaga. Littafin makaranta na 'yan firamare ya isheka, rana, wasa, mutum nawa, nawa aka samu, mai lita nawa. Ka yi haka sati huɗu cur kar ka taɓa dish kar ka sayi akwatin kowa, sannan ka ɗauki hoton shafukan ka turo min. In ba littafi kar ka sake turo min maganar dikoda.