Amsa daga zangon Elmina: Holan da muke zaune a kan sawunta

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce ka ga hoton da na turo ranar bikin Bronya, kuma hankalinka bai kwanta ba: me ya kai musulmi gidan masu bikin Turawa? Ka kuma tambaya ko maƙwabtan nan nawa masu suna Vroom da Bartels baƙi ne. Fanti ne tsantsa, 'yan gari, mu ne baƙinsu.

Garin nan na Elmina, a gaɓar tekun Ghana, masu shi Edina suke ce masa. Mutanen Fotugal suka gina babbar ganuwar bakin teku a 1482. Mutanen Holan kuwa sun fara kafa tasu a Moree, wani gari a gaɓar nan, a 1612, sannan a 1637 suka hau tsaunin da ke kallon Elmina da igwa, suka ƙwace ganuwar. Nan ta zama hedikwatarsu, daga nan suke juya ƙananan sansanoninsu na gaɓar teku, har da wanda suka gina a Ankara, babban birnin Ghana na yau, a 1649. Zinariya ta kawo su, cinikin bayi ya riƙe su. Shekara 235 suka yi. Sun auri matan gari, sun bar 'ya'ya da sunaye da maƙabarta, sun kuma bar Bronya, wadda ake yi Alhamis ɗin farko ta Janairu, kusa da sabuwar shekararsu.

Abin da ba a faɗa muku a gida shi ne akwai jinin arewa a cikin labarin. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta kwashi mutum wajen 3,000 daga nan zuwa Jaba, a Indonesiya ta yau, aikin soja. A 1837 har yarjejeniya ta ƙulla da sarkin Tonawa, wato Asante, Kwaku Dua na ɗaya, aka buɗe wurin ɗaukar mutane a Kumasi. Akasarinsu bayi ne da aka gangaro da su daga arewa, aka fanshe su da kuɗin da za a riƙa cirewa daga albashinsu. Waɗanda Allah ya dawo da su sun zauna a wani tudu da har yau ake kira Java Hill. Ana cewa su suka fara kawo sha'awar zanen batik, wanda ya zama atamfar Holan ɗin da ba a haɗa lefe a Kano sai da ita. Duk ranar da na bi ta tudun nan sai na yi musu addu'a a zuciyata.

Mu kuwa ƙafarmu ta shigo ne da fitar Holan. A Afrilun 1872 ta miƙa wa Ingila wurin, Ingila ta kawo sojojin Hausa daga Ikko. Mutanen Edina suka ƙi sabon ubangida, aka kai sarkinsu Kobina Gyan Saliyo, a Yunin 1873 aka yi wa tsohon garin ruwan wuta. Ba a sake gina shi ba, fili ne yanzu a gindin ganuwa. Sojojin Hausa na ɓangaren Ingila a ranar. Dattawan zango ba su ɓoye mana wannan ba, kuma shi ya sa suka koya mana taka ƙasar nan a hankali.

To, ga yadda muke yi. Ranar Bronya ba ma tsayawa inda ake zuba wa kakanni giya, wannan ba namu ba ne, su ma sun sani. Amma da la'asar mukan shiga gida-gida mu yi barka da shekara da Fantanci, kamar yadda suke hawowa zango cin tuwon sallah. Ranar Talata ba a shiga teku, matanmu masu soya kifi tun Litinin suke tanadi. Hoton da ka gani a gidan tsohuwar da ta yi wa mahaifiyata unguwarzoma aka ɗauke shi, jikanta ne ke riƙe da hannuna.

Ka gaida mutanen gida. In Allah ya kawo ka, da kaina zan hau da kai tsaunin.