Ta'aziyya a gidan da ɗa ya kashe kansa

Malama, kin tambaya ko ya halatta ki je wa maƙwabciyarki gaisuwa tunda ɗanta kashe kansa ya yi. Ki je. Mafi yawan malamai sun ce musulmi ne: a yi masa wanka, a sallace shi, a roƙa masa gafara. Ki ce "Allah ya jiƙansa", banda tambayar yadda aka yi. Irin tambayoyin nan ne ke sa uwa ta ƙaurace wa biki da suna.

Bayan sadakar bakwai ake naɗe tabarmi, kowa ya watse. To lokacin ne take buƙatarki: kai mata tuwo, tura yaro ya ɗebo mata ruwa. Maganin feshin gona kuwa a fitar da shi daga gidan, a kulle, don kada ta sha. In barci da abinci sun gagare ta, ko tana cewa gara ta bi shi, kada a bar ta ita kaɗai. A kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau da ke Kano, a ranar.